Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Shafin Rajistar Shiga Jami'a

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da basarake, da fatan kana lafiya a ɗakin sanyin da aka ajiye ka. Mu nan Ɗan Gulbi sai godiya, gero ya yi kai.

Daren jiya ni da ɗiyar ƙanwata muka zo gaishe ka. Ta ci BAC a bana, bayan zaman lise a Dakwaro gidan mai masauki, inda sai ta gama daka da ɗibar ruwa sannan ta buɗe littafi. An ce mana an yi gyara: yanzu ba sai ka san wani ba, ba sai an kai dosiye an raka shi da goro ba, kai ne mai karɓa, kuma kai ba ka da ƙane balle suruki. Wallahi mun yi murna. Muka sayi forfe, muka ba mai caji dala ashirin, muka hau tudun bayan gari inda rezo yakan leƙo bayan lisha.

Ta rubuta suna, ka karɓa. Lambar jarrabawa, ka karɓa. Da aka zo kan hoto sai ka ce ya yi nauyi. Ranka ya daɗe, yarinyar da karatu ya tsotse har ƙashin wuyanta ya fito, ita ce hotonta ya yi maka nauyi? Muka rage shi. Ka ce bai fito ba. Muka sake ɗauka da tocila, ni riƙe da farin zane a bayanta, sauro na aikinsa a ƙafafuna. Sai ka saki ɗan zoben nan naka mai juyawa, ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, can ka yi fari fat, ka share duk abin da ta rubuta. Ta ce, "Kawu, daga farko za mu koma." Forfe kuwa ya riga ya tafi inda magabatansa suka tafi.

To, a ajiye ranka ya daɗe tukuna. Wane ne ya ce maka wannan shi ne adalci? Ranar rufewa ɗaya ka sa wa kowa, kana ta alfahari. Ɗan unguwar Plato a Yamai ya cike ka yana kwance kan kujera, kafin shayinsa ya huce ya gama. Ita kuwa sai ta nemi kuɗin mota zuwa Maraɗi, ta yi layi a sibar, ta biya fotokofi, ta biya hatimi, ta kwana gidan dangi. An cire ɗan hanya daga ofis an ɗora eriya a kujerarsa, ita ma kuwa ƴan birni ta sani.

Makin ma da kake taƙama da shi, ka taɓa tambayar inda aka samo shi? Tambayoyi iri ɗaya aka raba, na yarda. Amma wani ya tashi a aji mai fanka, wani a rumfar zana wadda ba a shiga sai an yi girbi an samu kara, malaminsa ɗan kwantaragi yana jiran albashi.

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa nan jiharmu, masanin makamashin rana, wanda tun 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka. Da ranarsa muke cajin salula, Allah Ya jiƙan sa. A 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu jami'o'insu, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, don karatu ya matso kusa da talaka. Gini ya matso, sai aka ɗauke ƙofar aka rataye ta a sama.

Maƙwabtanmu na Najeriya, da duk rigimarsu, sun yarda cewa ba daga wuri ɗaya ake tasowa ba. A jami'o'in tarayyarsu kashi 45 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen boko. Suna ta faɗa a kai har gobe, amma dai akwai abin yi wa faɗa.

Batun burs ban taɓo ba. Na ɗakin kwana ma haka. Kuma tun 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, kai ko sannu ba ka iya ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka riƙa ajiye abin da aka rubuta in rezo ya gudu. A kafa tebur da kwamfuta a meri na kowace karkara lokacin rajista. A ƙara wa ƴan ƙauye kwanaki. In an zo rabon gurabe kuma, a duba makarantar da yaro ya fito tare da makinsa.

Ranar kasuwa zan sayar da bunsuru in sa ta mota zuwa Maraɗi. Don Allah ka zama kana nan.

Naka, ba don yana so ba,
Wani kawu daga Ɗan Gulbi