Saniyar Ware Da Danginta A Turanci

Wanda ke ganin Bature bai san kiwo ba, ya duba sunayen da yake laƙaba wa mutumin da ya bauɗe wa jama'a. Mu saniyar ware muke cewa, shi kuwa garke guda ya kora cikin ƙamus.

Ja-gaban garken shi ne "maverick". Samuel Maverick lauya ne a Texas ta Amurka, ya rasu a 1870. Makiyayan yankinsa kowa na ɗora wa shanunsa ƙarfe mai zafi don shaida, shi ya bar nasa haka nan. Daga nan duk maraƙin da aka tsinta ba lamba sai a kira shi da sunan lauyan. Yau kalmar ta koma kan mutumin da ba ya jin kiran ubangida. A taron jam'iyya kowa ya ɗaga hannu, nasa na cikin aljihu. In an fitar da anko, shi da wata shadda daban zai zo, kuma a layin gaba zai zauna, daidai inda mai hoto ke tsayawa.

Sai "egregious", wadda a Latin ke nufin fita daga garke. A da yabo ce, ana faɗa wa wanda ya yi wa tsara zarra. Zamani ya juya ta, yanzu sai ɓarnar da ta wuce misali ake kira da ita. Mai wannan hali shi ne wanda zai ci bashinka, ya yi wata shida yana sauya hanya, ran da kuka haɗu ya zaro sabuwar waya ya tambaye ka ko ta yi kyau.

"Peculiar" ma jikar garke ce. Tushenta kalmar Latin ce ta dukiyar da mutum ya mallaka shi kaɗai, ita kuma daga sunan dabbobin kiwo ta fito. Wannan bawan Allah ba ya cutar kowa, halinsa dai nasa ne, ba ya aro ba ya bayarwa. Da cokalinsa yake zuwa walima. Yana da kofin da ko uwargida ba ta taɓawa. Agogonsa na gaba da na kowa da minti goma, kuma ya san da haka, yana cirewa a ka.

"Capricious" daga Italiyanci ta zo, kuma sunan akuya a harshen, "capra", ya shafa mata wari. Wanda ya taɓa ganin ɗan akuya na tafiya lafiya lau, haka kawai ya daka tsalle gefe, ya gama fahimtar ma'anar. Shi ne maigidan da zai ba ka kyautar hula jiya, yau ya ɗaure fuska ya tambaye ka inda ka samo ta. Yaransa kan duba fuskarsa da safe kamar yadda manomi ke duban gabas da damina.

"Black sheep", baƙar tunkiya, laifinta ɗaya: baƙin ulu ba ya karɓar rini, don haka ba ya kuɗi a kasuwa. Mutumin da ake kira haka, mu zakka muke ce masa. Duk taron dangi dominsa ake kira, kuma shi kaɗai ne ba ya zuwa.

Akwai wanda ba a turke aka samo sunansa ba, a teku ne. "Loose cannon" igwa ce da ta tsinke igiya a jirgin yaƙi na da, tana gangarawa tana murƙushe ma'aikatan jirgin da ta zo karewa. Kada ka yarda a miƙa masa lasifika ranar ɗaurin aurenka. Zai fara da addu'a, ya ƙare da labarin wadda ka fara nema.

Na bar "eccentric" a ƙarshe don girmansa. Da Girkanci tana nufin kauce wa tsakiya, masana taurari ne suka fara aiki da ita. Amma a Ingila ba kowane bauɗaɗɗe ke samun wannan suna ba, sai mai abin hannu. Walter Rothschild, ɗan gidan attajiran banki da ya rasu a 1937, ya ɗaura wa jakunan dawa keken doki ya kora su har fadar Buckingham, don ya nuna ana iya horar da su. Har yau ana ba da labarin da murmushi. Da talaka ne ya gwada haka a garinmu, kafin ya kai ƙofar fada yara sun yi masa rakiya da jifa, 'yan uwa sun tafi nemo rubutu.

Duka dai saniyar ware ce, sai dai wadda ta yi ƙiba ba a kora ta da sanda.