Jinjina ga rigar da ta ƙi shiga

Lokaci ya yi da masu jiki na Kano za su daina ƙorafi su koma godiya. Na san kukansu, don ni ma ba siriri ba ne. Suna cewa sun zaga Kantin Kwari da Sabon Gari da manyan kantunan zamani, sun rasa rigar kanti ko ɗaya da za ta rufe musu cibiya. Wai an manna XXL a wuyan riga, amma da sun zura hannu sai ɗinkin hammata ya ce ɓarr. Ni dai ban ga abin kuka ba. Rigar kwantena, wadda aka yanka a Gwanzu ta ƙasar Sin bisa awon mutanen can, ta yi wa garin nan aikin da likitoci suka daɗe suna fama da shi bai yiwu ba, kuma ya kamata a samu mai gaskiya ɗaya da zai miƙe ya yaba mata.

A tuna duhun da muke ciki kafin zuwanta. Kakanninmu, Allah ya jiƙansu, ba su san lamba a jikin tufa ba. Babbar riga ba ta tambayar faɗin ƙirjin kowa. Wandon buje kuwa ya fi ta rashin tarbiyya: ƙugunsa zai ɗauki mutum uku, sai a zura zariya a tsuke, shi ke nan. Magidanci ya sa shi da kaka yana cike, ya sa shi da bazara ya zabge, ya mutu ɗansa ya gada, wando bai taɓa ce wa ɗayansu uffan ba. Mace ta ɗaura zane tana amarya, ta ɗaura shi da cikin wata tara, ta ɗaura shi tana jego. Ina amfanin tufar da ba ta gaya wa mai ita laifinsa? Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da garin yana saƙa yana rini, yana aika tufafi har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Duk faɗin wannan ƙasa, daga karofin Ƙofar Mata da na Kura har bakin Bahar Rum, ba a ji an mai da wani gida an ce babu daidai shi ba. Shi ya sa mutanen wancan zamani suka yi ta yin ƙiba ba tsoro ba kunya, har aka riƙa ɗaukar tumbi alamar rufin asiri.

Da zamani ya zo, maimakon a gyara, sai aka nemi a ƙara ɓata lamarin. Sardauna ya buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, Kano ta ce ba za a bar ta a baya ba. Bompai ta cika da masana'antu, aka yanka Sharada kashi-kashi, aka ƙara da Challawa. Ga masaƙar Bagauda, ga ta Gaskiya, ga ta ATM, ga wasu birjik. Duk wanda ya zauna kusa da wuraren nan a wancan lokaci zai ba ka labarin azabar da aka sha. Jiniya ta hana mutum barcin safe. Lokacin canjin aiki kekunan ma'aikata su toshe titi, masu tuwo da masu shayi su mamaye bakin ƙofa, ƙarshen wata a cika kasuwa da mutanen da ke da albashi a aljihu suna taya kaya ba ladabi. Auduga na ta kwararowa daga Funtuwa da Malumfashi da Gusau, yadi na fita, tela na kowane lungu yana auna mutum yadda Allah ya halicce shi. Babban haɗarin ma shi ne, da an bar masaƙun nan sun yi ƙarfi, da wataƙila wani mai karambani ya buɗe kamfanin ɗinka rigunan kanti bisa awon Bakano, da kafaɗarsa da teɓarsa. Allah dai ya kiyaye.

Waɗanda suka cece mu sun cancanci a ambace su, don aiki ne na haɗin gwiwa, kowace gwamnati ta sa albarkarta. A 1986 aka kawo tsarin tattalin arziki na SAP, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagari masu masaƙa, aka kuma rushe hukumar auduga don manomi ya san inda dare ya yi masa. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi. Nepa ta riƙe amanarta ba dare ba rana, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuyar samu. A 2002 aka sake hana shigo da yadin, wanda hakan ya zama alheri ga 'yan fito na hanyar Maraɗi, abin nema ya samu. Daga baya aka sake buɗewa. Aka ware naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu don farfaɗo da harkar auduga da saƙa, a 2019 kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala. A rufe, a buɗe, a ba da bashi, a kafa kwamiti. Wasu na kiran wannan rashin alƙibla. Ni ban yarda ba, don duk ta inda aka juya, sakamako ɗaya ake samu, kuma ba ƙaramin gwani ne ke iya haka shekara talatin da ɗoriya ba.

Yanzu je ka Sharada da hantsi ka sha iska. Shiru, sai kukan kurciya a kan dogon bututun hayaƙi. Wasu gine-ginen an mai da su sito, kuma abin sha'awa, kayan da ake jibgewa ciki har da irin waɗanda a da ake saƙawa a wurin, sai dai yanzu ba hayaniyar inji, ba ƙungiyar ƙwadago. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya zo Zawaciki ya buɗe tashar tsandauri ta Dala, don kwantena ta riƙa isowa har gida. Wanda ya zaɓi wurin ya san aikinsa, ga ta nan maƙwabciyar Challawa. Mu loda riɗi da zoɓo da fatar da aka jeme, a sauke mana abin da aka ga dama. Fatar akuyarmu ta tafi Italiya a yi jaka da takalmi da ita, mai ƙafa lamba 46 kuma ya yi ta yawo a kasuwa da silifas yana neman wanda zai shige shi. Tafiyar ma motsa jiki ce.

Amma a rumfar kasuwa ake ganin ainihin baiwar rigar nan. Alhaji ya shigo, mutum mai iyali da ma'aikata, wanda in ya yi gyaran murya a gida kowa ke nutsuwa. Ɗansa zai kammala karatu, ko an gayyace shi taron da ake sa shat da kwat. Yaron shago, wanda bai kai sa'an autansa ba, ya kalle shi sama da ƙasa, ya jawo leda daga can ƙarƙashi ya ce, "Alhaji, wannan ita ce ta ƙarshe, daga ita babu." A ja labule. Daga waje kana jin numfashi. Hannu ɗaya ya shiga, ɗayan ya tsaya a gwiwar hannu. Da kyar da addu'a a haɗa maɓalli na sama da na ƙasa, na tsakiya su ƙi, singileti na leƙowa ta tsakaninsu. Alhaji ya fito kamar buhun gero da aka ɗaure da igiya a wuri uku, ba ya iya sauke hannuwansa. Yaron ko gezau, sai ya ce, "Kai, Alhaji, ta zauna! Ai haka ake yayi yanzu. Kuma tana buɗewa in an wanke." Ba ta buɗewa, shiga take yi, kowa ya sani, har shi Alhajin. Amma dubi fuskarsa a madubi. Girman kan da shekara ashirin na nasiha bai taɓa ba, riga ta sauke shi cikin minti biyar, kuma shi zai biya kuɗin. Hajiya ma ba a bar ta a baya ba: doguwar rigar da aka ce mata firi sayiz ce, watau ta kowa da kowa, ita ke sanar da ita cewa ba ta cikin kowa.

Adalcin rigar bai tsaya kan mai saye ba, har mai kawo ta yana samun rabonsa. Ɗan kasuwar Kwari ya sauka Gwanzu da hunturu, sanyi ya kama shi, ya shiga neman rigar sanyi. Mutumin da ke cika kwantena da tufafi ya bi shago goma ana kallon cikinsa ana girgiza kai ana murmushi, ƙarshe ya koma masauki ya ɗora kaftani kan kaftani. Ba wai masu ɗinkin can ba su iya babbar riga ba ne. In ka biya, ko ta giwa ce za su yanka maka. Sai dai babbar riga yadi take ci, yadi kuma dala ne, ga cin wuri a kwali. Manna wata lamba a wuya kuwa kusan kyauta ne. Ɗan kasuwar ya yi lissafinsa, ya ga mutanen gida masu haƙuri ne.

Ga wanda ya kafe sai ya sa kayan Turawa, an bar masa ƙofar rahama ɗaya, ita ce Ƙofar Wambai. Gwanjo na cikin kayan da dokar Nijeriya ta hana shigowa da su, shi ya sa yake zagayowa ta Kwatano ya iso lafiya lau. A nan kaɗai mai jiki ke samun XL na gaskiya, na Amurka, wanda aka yanka wa mutanen da suka san darajar abinci. Sai a yi sammako ranar fasa dila, a durƙusa cikin 'yan tsince, a ciro riga mai ƙanshin nan da ba ya ɓuya, da sunan wata makarantar sakandare a ƙirji wadda mai sawa ba zai taɓa sanin inda take ba. Manyan mutane direba suke aikawa. Wannan zumunci ne tsakanin ƙasashe: wani ƙato a can ya gaji da rigarsa ko ya riga mu gidan gaskiya, wani ƙato a nan, jikan masu tufatar da Sahara, ya samu sutura. Mu dai addu'armu Allah ya ƙara wa Amurkawa ƙiba, don ranar da suka rame mun shiga uku.

Saura abokin gaba ɗaya, tela. Har yanzu yana nan da tef a wuya, yana auna mutane ɗaya-ɗaya, yana ba masu tumbi mafaka. Amma shi ma an kusa gamawa da shi. Shaddar da yake yankawa in ba ta Getzner ba ce daga Ostiriya, to kwaikwayonta ce daga Sin, kuma duk yadin da mai jiki ya ƙara a kan na siriri, da farashin dala zai biya shi. Harajin ƙiba ke nan ba tare da majalisa ta zauna ba.

Masu gajen tunani suna cewa a tayar da masaƙu, a noma auduga, a ɗinka riga daidai mutum. Wannan hanya ce mai tsawo, tana buƙatar wuta da ruwa da shugabanni masu tuna abin da suka faɗa bara. Hukuma ta gano wadda ta fi sauƙi, a gyara mutum ya yi daidai da riga. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi matsayinta, aikin yake tafiya yadda ake so. Dubi bel ɗin magidanta a sahun masallaci, za ka ga sabuwar huda da aka yi da ƙusa. Masu XXL sun gangaro XL, masu L suna hararar M. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa su ne zakaru a wannan fanni, don sun riga kowa farawa. Na KTL a Kaduna tun da aka rufe ƙofa a 2002 suka shiga jiran haƙƙinsu, da yawa sun rasu suna jira, waɗanda suka rage kuwa duk rigar da aka sauke daga kwantena tana shigarsu ba gardama.