Yadda za ka hau VPN ba tare da mai gadi ya datse maka ƙofa ba

Tun da gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matasanmu suka iya zuwa Turai ba fasfo ba biza. Danna VPN kawai, sai ga ka a Jamus alhali kana shan koko da ƙosai a Kurna. Sai dai kowane asusu, na Google ne, na Facebook ne ko na banki, yana da mai gadi, kuma ba ya gyangyaɗi.

Ga abin da yake gani: ƙarfe goma ka shiga daga Kano, goma da minti biyar ka ɓullo daga Holan. Babu jirgin da ke wannan gudun, sai ya ce ɓarawo ne, ya garƙame. Kada ka zage shi, dukiyarka yake tsarewa.

In tafiyar ta zama dole, zaɓi ƙasa ɗaya ka zauna. Yau Jamus, gobe Kanada, jibi Singafo, ko aljani ne sai an tambaye shi takarda. Ka kuma yi hattara da VPN na kyauta. Adireshin intanet ɗaya suke raba wa ɗimbin jama'a, har da 'yan damfara, laifinsu kuma ya shafe ka. Manhajar banki kuwa, kashe VPN tukuna kafin ka buɗe ta.

Yanzu, tun kafin a kulle ka, duba lambar wayar da ke kan asusun. Da yawa layin da suka yi rajista da shi ya tafi tare da wayar da aka sace a wajen biki, kuma can ake tura lambar tantancewa. Gyara lambar wayar yau. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10. Rubuta su a takarda, ka adana tare da takardun fili.

In kuwa an riga an garƙame, kashe VPN, ɗauki wayar da ka saba, ka gwada daga gida. Kada ka yi ta cusa kalmar sirri cikin fushi, yawan kuskure na iya ƙara maka jira. Facebook na iya neman katin shaida ko ɗan bidiyon fuskarka, sai ka wanke ido ka ba shi. Wanda kuma ya kira ka ya ce, "Yallaɓai, karanto min lambar da aka turo maka in buɗe maka," katse kiran, ko da muryarsa ta fi ta mai gabatar da labarai daɗi.