Laimar Kwaɗi Mai Lasisi

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Bayan gaisuwa da fatan kana nan kana cinye tuwon Inna ba tare da ka taya ta ko faskare ba. Saƙonka ya iso Parma, inda kake cewa wai na shiga ƙasar da yunwa ta sa mutane cin laimar kwaɗi. Zauna, yau zan koya maka karatu kyauta. Abin da Italiyawa ke shiga daji nema daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, naman kaza ne da suke kira porcini, masana kuma suna ce masa Boletus edulis. Maganata guda ce: wannan ilimi ne mai ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana farawa daga itacen da abin ya tsiro a gindinsa.

Na san za ka ce a juji yake fitowa. A'a. Zarurrukansa na ƙarƙashin ƙasa manne suke da saiwar itatuwan da suke kira kastanyo, fajjo da kwarciya, da kuma fayin. Itace yana ba shi sukari, shi kuma yana jawo wa itace ruwa da sinadaran ƙasa. Shi ya sa duk wayon Bature ya kasa noma shi a gona, dole ya ɗauki kwando ya hau tudu da asuba, kuma tsoho zai gwammace ya ba ka 'yarsa da ya nuna maka wurin da yake samu. Na Borgotaro, can kan duwatsun kudu da Parma, har Tarayyar Turai ta yi wa sunansa rajista a 1996. Wane juji ka taɓa jin an yi wa haka? In kuwa ƙamshin busasshensa ne zai sa ka yamutsa fuska, mai jefa daddawa a miya kullum ba shi da bakin magana, don aikin da suke sa shi ke nan.

Ƙorafinka mai nauyi shi ne guba, kuma nan kana da 'yar gaskiya. Sai dai ana gane shi ne da alamu da dama a tare. A juya hularsa, wadda ruwan ƙasa ce: ƙarƙashinta ƙananan huji ne a cunkushe, farare in yana ƙarami, su koma rawaya, daga baya su yi kore-kore. Ƙafarsa kakkaura ce mai tumbi, da farin zanen raga daga sama. In an yanka, tsokar fara ce, kuma fara take zama. Akwai mai kama da shi wanda hujinsa ke yin ruwan hoda, ragar ƙafarsa mai duhu. Guda ɗaya ya isa ya ɓata tukunya da ɗaci. Akwai kuma wanda su da kansu suka laƙaba wa sunan Shaiɗan, mai farar hula da jan huji, da ke yin shuɗi in an yanka, ya kuma haɗa mutum da amai da gudawa. Babban makashin kuwa, Amanita phalloides, ba huji gare shi ba, siraran shafuka ne farare jere a ƙarƙashin hularsa, da jaka a gindin ƙafa. Dafuwa ba ta kashe gubarsa, kuma sai an yi awoyi shida ko fiye ciwon ke bayyana, lokacin ya fara cin hanta. A 2015 'yan gudun hijira da dama a Jamus, yawancinsu 'yan Siriya, sun kwanta asibiti saboda sun ɗauke shi a matsayin wanda suka sani a gida. Idon da aka horar a wani dajin ba ya aiki a wannan. Camfin da wasu tsofaffin nan ke yi, cewa tafarnuwa ko cokalin azurfa na baƙi in akwai guba, shi ma bai taɓa ceton kowa ba.

To, me ya sa ba a hana ba? Saboda an tsara shi. Dokar Italiya mai lamba 352 ta 1993 ta ƙayyade kilo 3 ga mutum a rana, ta hana tona ƙasa da manjagara, ta hana zubawa a leda, sai kwando mai ƙofofi don irinsa ya riƙa zuba a hanya. Sai ka yanki takardar izini, kuma hukumomin lafiya na yanki suna da masana da ke duba abin da ka tsinto kafin ka ɗora a wuta. Kai da ko lasisin babur ba ka da shi, a nan ko laimar kwaɗin ba za a bar ka ka tsinka ba.

Saboda haka kada ka karanta wannan ka ruga bayan gari da kwando. Itatuwan da na lissafa babu su a dajinmu, abin da za ka gani a gindin kuka wani abu ne daban, ni kuma ban tanadi kuɗin jirgin zuwa ta'aziyya ba.

Ka gaida Inna da Baffa. Ka ce wa Inna ta aiko da kuka da yaji ta hannun mai zuwa, amma kada su bi ta ɗakinka.

Ubangidanka na Parma.