Ƙarfenmu Ba Ya Hawa Sikeli

Mu dai a Tawa, fadar samarin da ba ta da ƙarfen ɗagawa ba ta cika fada ba. Daga Bilbis har Wadata, za ka tarar da butar shayi a kan gawayi, ga benci, a gefe kuma ga wani abu kwance a gindin bedi mai kama da gatarin amalanke. Kada ka kuskura ka tambayi inda aka saye shi. Ba'adare ya je Abijan ya je Libiya, ya leƙa gidajen motsa jiki masu madubi, ya dawo da magana ɗaya: ai wannan mu ma muna iya ƙerawa.

Farawa da gwangwani ake yi. A samo na madara manya guda biyu, a roƙi ragowar simintin Malbaza wurin magina, a kwaɓa da tsakuwa, a cika ɗaya a tsayar da bututu a ciki. Sai ya bushe a juya a yi wa ɗayan. Masu wayo suna buga ƙusoshi a bakin bututun don siminti ya kama, suna yi masa yayyafin ruwa har mako guda. Masu gaggawa kuwa, a kwana na uku gwangwanin ke suɓucewa ya nufi babban yatsa.

Wanda ƙirjinsa ya fara buɗewa sai ya raina siminti, ya nufi 'yan gwangwan. Nan Allah ya rufa mana asiri, domin hanyar Agadas da Arlit ta garinmu ta bi, kuma duk babbar motar da ta gaji a nan take zubar da haƙoranta: kaskon birki, tsohon giya, sandar kambu. Kowace unguwa kuma tana da nata gwanin walda, wanda asalin sana'arsa dabam ce, wataƙila tela ne ko ɗan kabu-kabu, amma ya taɓa riƙe wa maigida waya a gareji. Injinsa naɗin hannu ne cikin akwatin katako, yana gurnani, tabaraunsa na kasuwa. Da dare za ka ji shi yana cewa an zuba masa rairayi a ido, wai sammu ne. Ba sammu ba ne, hasken walda ne ya ƙona idon. In kuma bututun mai farin shafi ne ya shaƙi hayaƙinsa, to zazzaɓi na nan tafe kafin asuba.

Tsofaffin masu walda na bakin tasha sun sha faɗa mana cewa kaskon birki ƙarfen zubi ne, ba ya karɓar walda irin ta ƙofa da taga, yana hucewa yake tsagewa. Dabarar ita ce a zura shi a sanda, a tare shi da zobe ciki da waje.

"Yaro, wanga ɗinki naka ba ya kai sallah," in ji ɗayansu.

"Baba, ai na zuba mai wuta sosai."

"Awo. To in ka kwanta ƙarƙashinai, ka fara da kalmar shahada."

Babban sirrin dai shi ne nauyi. Sandar da maza ke gasar duniya da ita kilo 20 ce cif, tsawonta mita 2.2. Namu kuwa nauyinsa a bakin mai shi yake. Ran da aka ƙera shi kilo 60 ne. Da baƙo ya zo daga Abalak ya zama 80. In labari ya isa Tabalak ya haura 100. Gefen dama kuma bai taɓa yin daidai da na hagu ba, shi ya sa za ka gane ɗan fada tun daga nesa, kafaɗa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta. Wani ƙane ya taɓa kawo shawarar a kai ƙarfen sikelin masu albasa. Har yau shi ke wanke kofunan shayi.

Damagarawa suna mana baki wai su ne iyayen abin, tunda Aicha Macky ta nuna ƙartin Kara-Kara suna ɗaga nasu a fim ɗinta Zinder na 2021. Mun ji. Amma gasar kokawa ta ƙasa a nan Tawa aka fara ta a 1975. In suka ce ai Kantu na Maradi ne ya lashe, sai mu ce baƙo ne, karramawa muka yi. Shi ya sa da sanyi ya shigo, aka fara zancen takobin gasar, kowane yaro sai ya ga kansa a fili, makaɗa na kiran sunansa, layin ɗagawa ya kai bakin titi.

Ƙarfen kuma ba na kowa ba ne, na kowa ne. Wani ya kawo bututu, wani kuɗin waya, wanda ya tafi bida ya bar shi amana. Iyayenmu mata dai ba su gamsu ba. Inna ta leƙo ta ga ƙato yana nishi sai ta ce, "Kai, in ƙarhin ya yi maka yawa, ga jarka shida can ba ruwa." Nan take bayansa ya riƙe.