Mai Ciwon Sukari da Malmalar Tuwo

Ciwon sukari yana samuwa ne idan insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin ƙwayoyin jiki, ya yi ƙaranci ko jiki ya daina saurarensa. Sai dai majinyata da yawa a ƙasar Hausa sun yi wa cutar fahimta mai sauƙi, domin da zarar likita ya yi gargaɗi sukan ƙaurace wa sukarin shayi da kuka da hawaye, sannan su fuskanci malmala uku ta tuwon shinkafa da zuciya ɗaya, alhali sitacin da ke cikinta, bayan narkewa, sukari yake komawa, ko da an lulluɓe shi da miyar kuka.

Akwai kuma masu tsere wa sukari su faɗa zuma, bisa hujjar cewa ƙudan zuma ba ya ha'inci, da masu komawa ga acca, wadda ake yabo, amma su ci rabon mutum huɗu a zama guda. Likitoci dai suna son a rage malmala, a yawaita zogale, wake da ganye, a kuma riƙa tafiyar ƙafa, sharaɗin da ya fi kowanne shan suka a majalisa.