Masu Yi wa Alƙaluma Kwalliya a Birnin Zazzau

Da can, idan mutum yana son ya kashe bakin 'yan majalisa, karin magana yake jawowa, ko ya ce daga bakin malaminsa ya ji. Yanzu waya yake zarowa ya nuna zane: ginshiƙai a jere, wani dogo wani gajere, ko da'irar da aka yayyanka aka shafe da launi. Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, babu kwamitin masallaci, ƙungiyar matasa ko Islamiyyar da ba ta da yaro guda wanda ake cewa "ai shi ya iya kwamfuta", kuma a wuyansa ake rataya aikin mayar da lissafi hoto. Sana'ar tana da asali. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, shi ya fito da zanen ginshiƙai cikin littafi a 1786, ya biyo da na da'ira a 1801, don mutum ya gane a kallo ɗaya abin da zai wuni yana lalube a jadawali. Da zai leƙo birni ya ga jikokinsa, da wuya ya amsa su duka.

Babbansu shi ne Sarkin Launi. Ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓu 13, shi kuwa ya rantse sai ya cusa su duka cikin da'ira guda, kowace da launinta, har zanen ya koma kamar an zazzage akwatin lefe. Bai gamsu ba sai ya kishingiɗar da da'irar, ya yi mata kauri da inuwa. Mazaɓar da ta faɗo gaba ta kumbura, ta baya ta tsuke, ko da adadinsu ɗaya ne. Ka ce masa idon mutum ya fi iya gwada tsawo da tsawo a kan gwada kusurwa da kusurwa, don haka ya jera ginshiƙai daga babba zuwa ƙarami, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Malam, ai wannan ba shi da armashi." Ja da kore ne abokan tafiyarsa, bai taɓa jin cewa akwai mazan da idonsu ba ya raba su ba. Alhakin masu karatu yana kama shi ne a shagon fotokwafi na Tudun Wada. Kuɗin kwamiti ba su kai na bugun launi ba, sai a buga baƙi da fari, Kaura da Limancin Kona da Kwarbai duk su fito toka. Ranar taro shi kansa sai ya koma wayarsa kafin ya gane wace ce wace.

Mai Datse Tushe ya fi shi wayo, kuma ya fi shi samu, don a gindin Honarabul yake cin abinci. A ce wanda ya sauka ya haƙa rijiyar burtsatse 40, maigidansa ya haƙa 42. In an fara ginshiƙai daga sifiri, sai ka sa gilashi kafin ka ga bambanci. To, me zai kai shi sifiri? Sai ya fara ƙirga daga 39. Nan take ginshiƙin tsohon ya zama taki ɗaya, na maigida taki uku, a buga a ƙaton bana a rataya a shatale-tale, fuskar Honarabul ta cinye rabin fili tana murmushi. Tare shi da zancen ka ji rantsuwa: "Wallahi, Yaya, ko rijiya ɗaya ban ƙara ba." Gaskiyarsa kuwa, bai ƙara ba. Waɗanda aka haƙa ya ƙirga. Ƙirgan waɗanda ke ba da ruwa yana hannun 'yan garuwa, su kuwa ba su da bana.

Sai Ɗan Babi na Huɗu, wanda ake ganin watansa idan an kusa rufe shekarar karatu. Ya raba takardun tambaya ga ƙannensa da 'yan ɗakinsu, ya kai wa wani mai manhajar lissafi ta SPSS a Samaru ko Kongo, ya dawo da shafi talatin. Zanen farko yana nuna masu amsa maza nawa ne mata nawa ne, da'ira ce mai yanka biyu, ta cinye shafi sukutum don faɗin abin da jimla ɗaya za ta ɗauke. A ƙarƙashi kuma ya sake rubuta abin da zanen ya ce, a ƙarƙashin wannan ya kawo jadawalin da ya maimaita su biyun. Tara kashi-kashin nasa ka ga sun ba da 103 cikin ɗari. Tambayar da ta sa aka yi binciken tun farko tana can shafi na ƙarshe, babu zane, babu bayani. Ba mugu ba ne. An ce masa aikin da bai yi kauri ba malami ba ya sa hannu.

Ɗan Bita kwana uku ya yi a wani otal a Kaduna, ya dawo da jaka mai tambari da Turanci mai nauyi. Komai ka kawo masa sai ya ce allon bayanai ake bukata, ko da lissafin kuɗin tabarmar masallaci ne. Ya tara dattawan unguwa a zaure, ya kafa majigi, ya haska zane tara a allo guda da rubutun da sai mai ido lafiya a sahun gaba. Yana cewa "kamar yadda kuke gani", aka ɗauke wuta. Sauran bayanin da hannu ya yi shi a cikin duhu, kuma dattawa sun ce a nan suka fara fahimta.

Mai Taswira yana da uzuri, don aikinsa ya fi wuya. Ya samo taswirar mazaɓu, ya shafa ja mai duhu a inda abu ya yi yawa, mai haske a inda ya yi kaɗan. Matsalar ita ce Dutsen Abba da Wuciciri faɗi gare su, gonaki da fili, sai su cika takarda su ɗauke ido. Unguwar Juma kuwa, inda katanga ke jingine da katanga, ba ta wuce ɗan tabo ba. Mai kallo ya tashi da tunanin cewa matsalar ta ƙauye ce, alhali mutanen suna cikin tabon nan. Kuma bai raba adadin da yawan jama'a ba, don haka kowace taswira ya zana, ta masu zazzaɓi ko ta masu shagon caji, wuri ɗaya ne ke yin ja: inda mutane suka fi yawa. Yana yawan ambaton John Snow, likitan da ya bi annobar amai da gudawa a Landan a 1854, ya sa ɗan layi a kan kowane gidan da aka yi rashi, layukan suka taru a kewayen famfo guda na titin Broad. Abin da yake mantawa shi ne Snow da ƙafarsa ya bi gidajen. Namu bai taɓa wuce Babban Dodo ba, don ya ce lungunan birni ba sa fitowa a wayarsa. Kai shi wurin mai unguwa ka sha kallo. Tsohon zai share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da yatsa: nan masallaci, nan kududdufi, nan rijiyar da aka daina sha, nan gidan da ba a buɗe wa baƙo sai da rakiya. Da irin wannan sanin, da allin da 'yan rigakafi ke shafawa a ƙofofin gidaje, da taswirar tauraron ɗan'adam da aka zo aka haɗa daga baya, aka kai ga shelar rabuwar Nijeriya da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020. Mai Taswira yana tsaye yana neman inda zai danna ya adana, akuya ta bi ta kan zanen.

A asibitin unguwa kuwa mata biyu ne, kujerarsu ɗaya, farin kayansu ɗaya. A bangon kowace akwai kwalin rigakafi: watanni a jere a ƙasa, layi ya tashi a karkace yana nuna yaran da ake sa ran yi wa allura, ita kuma ta ɗiga nata a ƙarshen kowane wata. Ta farko ita ce Sista Daren Jiya. Kwalinta fes yake har sai an ce gobe masu duba aiki za su zo. A daren ta cike wata bakwai da biro ɗaya, ɗigonta ya hau layin buri daram, babu damina, babu azumi, babu watan da allura ta yanke. Mai duba aikin da ya san kan abin, wannan kyan ne ke fara ba shi tsoro.

Ta biyu kwalinta ya sha hannu, biro kala uku, wani wurin an goge an gyara. Layi biyu take ja, na yaran da aka yi wa allurar Penta ta farko a mako shida da haihuwa, da na waɗanda suka dawo har ta uku a mako goma sha huɗu. Ratar da ke tsakanin layukan ita ce yaran da suka ɓace a hanya, kuma in ta ga ta buɗe sai ta aika wa ungozoma a bi gida-gida. Haka take da katin awo, wanda asalinsa aikin likita David Morley ne a Imesi-Ile ta ƙasar Yarbawa tun ƙarshen shekarun 1950. Ba ta karanta wa uwa kilo. Yatsa take ɗorawa a kan ɗige-ɗigen ta ce, "Maman Abba, kin ga nan yana hawa, nan ya tsaya. Me ya faru a watan nan?" Sai uwar ta ce yaye. Ta ɗauko ɗan tef ɗin nan na awon damtse, ta zagaya hannun yaron: kore lafiya, rawaya a kula, ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tashi tsaye. Launi uku ne kacal, kuma kowanne umarni ne. Wannan matar ba a taɓa gayyatarta ta koyar a bita ba, sai dai ta zauna a baya Ɗan Bita ya koya mata.

Kada a manta da Malam Mai Salsala, wanda ke yawo da kwali a naɗe a hammata. Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Da zai ja layin shekaru guda ya ba kowane gida launinsa, da yaron firamare ma ya ga shekara 45 ta Sarki Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020, ya ga ta biyo bayan ta Sarki Muhammadu Aminu, dukansu na gidan Katsinawa, ya ga kimanin shekara ɗari da Mallawa suka yi suna jira tsakanin Alu Ɗan Sidi da Ahmad Nuhu Bamalli. Shi kuwa bishiya ya zana mai rassa a sarƙe, rubutu wani a tsaye wani a kwance. Reshe ɗaya ne ya yi wa kauri da jar maka, kuma in ka bi shi da yatsa, ta ɗakin wata kaka da aka ce ta taɓa zama a fada, sai ka tsinci kanka a ƙofar gidansu.

Iya mai koko ta riga su duka shiga sana'ar. Bangon zaurenta cike yake da zanen gawayi, kowane mai cin bashi da layinsa, kowane kofi da karansa. Daga bakin ƙofa za ka gane wanda ya fi kowa nauyi. Aibinta ɗaya ne: ba ta sa suna. Ita kaɗai ta san cewa dogon layin nan na tela ne, na kusa da tagar kuma na ladan. Ranar da ta tafi biki Giwa ta bar wa jikarta, kowane mai bashi ya zo ya nuna gajeren layi ya ce nasa ne.

Mai Turawa bai taɓa zana komai ba. Da asuba yake jefo hoto a zauren WhatsApp na unguwa, babu shekara, babu sunan wanda ya ƙirga, a sama an rubuta "duba ka gani". Ranar zaɓe zanensa yana riga takardar sakamakon da ake liƙawa a rumfa fitowa. In aka tambaye shi inda ya samo, sai ya ce, "Nima turo mini aka yi, Allah gafarta Malam."

Na ƙarshe shi ne Babban Baƙo, kuma dominsa sauran suke abin da suke yi. Ya iso a makare, an zaunar da shi a kujera mai laushi, an miƙa masa rahoto. Yana buɗewa yana gyaɗa kai. Inda ya ga launi ya ce madalla, inda layi ya hau sama ya ce alhamdu lillahi, ko da layin masu kamuwa da cuta ne. Bai taɓa tambayar daga nawa ginshiƙi ya fara ba, ko cikin mutum nawa aka samu wannan kason, ko wa ya ƙirga, ko yaushe. Da zai yi waɗannan tambayoyi huɗu sau biyu a jere, da Mai Datse Tushe ya nemi wata sana'a, Sista Daren Jiya ta koma cike kwalinta wata-wata. Shi ne kuma mai sa hannu a fitar da kuɗi. Don haka masu shirya bita, don Allah in za ku sake kira, ku bar yaran nan su huta, ku aika wa Yallaɓai takardar gayyata. Ku rubuta kuɗin zama da manyan baƙaƙe a saman takardar, in ba haka ba wakili zai turo.